Layi na Uku

Sakataren ƙungiyar mawaƙa ya riga ya ɗora yatsa a kan maus ɗin kwamfuta sa'ad da Auta ta cafke masa hannu.

"Tsaya tukuna. Me take cewa?"

"Tambaya ce kawai," in ji Sakatare, yana ƙoƙarin zare hannunsa. "Wai sai an yi wa faifan fomat kafin ta karanta shi. Bari in danna mata eh, mu wuce wurin."

"Kada ka danna komai."

Auta ba ta san kwamfuta ba, amma ta san wannan kalmar. Ita ce ta taɓa cinye mata hotunan wayarta kakaf a shagon wani mai tura waƙoƙi. Ta zare igiyar faifan da kanta, ta naɗe shi a cikin ɗankwalin da ta kawo shi. Ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanka girma ba. Tun ranar da ta bar situdiyon Dogo yake kwance a ƙasan durowarta, ba ta taɓa jona shi a wata kwamfuta ba sai yau.

A cikinsa akwai ɗaukar farko ta "Ki Bar Min Ƙofa", waƙar da ta sa aka san sunanta, wadda duk inda ta hau dandamali sai an tilasta mata ta yi ta sau biyu. Dogo, mai kiɗan da ya ɗauki muryarta a wancan lokacin, ya kai ƙara ƙungiya cewa waƙar tasa ce tun daga baiti har amshi, Auta murya kawai ta ara masa. Kwamfutarsa ta situdiyo ta ƙone tuntuni, ba shi da abin nunawa. Ita ma baki kawai take da shi, sai jiya da ta tuna da faifan. In kwamitin sulhu ya ba shi gaskiya, za a rubuta waƙar da sunansa, a hana ta rera ta a ko'ina, shi kuma ya riga ya yi wa wata sabuwar mawaƙiya alkawarinta.

"Bayan la'asar za a zauna," in ji Sakatare. "Shugaban kwamiti ya ce ba sauran ɗage zama. Kuma kin san ƙa'ida: a kwamfutar ƙungiya za a saurara, kuma fayil na asali, wanda ba a taɓa ba. Ni zan duba ranar da aka ɗauke shi. Tun da wani ya kawo mana haɗe-haɗe a waya muka daina wasa da wannan."

"To ai kwamfutar taku ce ta ƙi."

"Tamu lafiyarta ƙalau. Jiya ma na buga takardu da ita."

A ƙasa, yayanta yana jingine da tasinsa, yana goge madubi da tsumma. Da ganin fuskarta ya jefa tsumman a cikin mota.

"Sun ji?"

"Ya ƙi buɗewa, Yaya."

"Faifan ma ɗan Dogo ne ke nan. Shiga mu je kasuwar 'yan waya."

Hanya ta cushe. Wata babbar mota ta mutu a kan gada, aka mai da layi uku ɗaya. Yaya yana ta hon yana yi wa masu babur faɗa ta taga, Auta kuwa ta rungume ɗankwalin a cinya, duk ramin da suka faɗa sai ta ɗaga shi sama. Ba ta shakkar abin da ke ciki. Ta sha ba da labarin a rediyo: baitocin ta rubuta su a kan mahaifiyarsu, wadda ba ta barci sai ta ji shigowarta, amshin kuma a cikin bas ya zo mata, tana hanyar situdiyo. Har kujerar da ta zauna tana iya tunawa.

Kasuwar bene ce mai hawa-hawa, kowane lungu shaguna ne ƙanana cike da gawar kwamfutoci. Mai shagon farko ya jona faifan, ya ga saƙon da Sakatare ya gani, ya ce ya mutu, amma yana da sabo in tana so. Na biyu ya ce ƙwayar cuta ce ta shige shi, a bar masa zuwa gobe. Na uku bai ko karɓa ba. Ya nuna musu ƙarshen baranda da haɓa.

"Ku je wurin Injiniya. Shi ne mai haƙurin tsofaffin kaya."

Injiniya mutum ne mai furfura a gemu, an ɗaure ƙafar tabaransa da wayar wuta. Kwamfutoci uku ne a kan bencinsa, ɗayarsu ba ta da murfi. Da Auta ta ba shi labari, ya juya faifan a hannu, ya shinshina bakin igiyar.

"A wace irin kwamfuta aka cika shi, Hajiya?"

"Ta situdiyo. Wata fara, mai faɗin fuska."

"Mak ke nan. Ita kuma ta ofishin naku?"

"Irin ta kowa."

"Windo." Ya ajiye faifan a kan wani soso. "Ba mutuwa ya yi ba. Kowace da irin yadda take jera kayanta. Waccan ta jera nata, wannan ta leƙa ba ta gane jerin ba, sai ta ce ɗakin shara ne, a share. An danna?"

"Ba a danna ba."

"Allah ya taimake ki."

Ya jona shi a kwamfutar da ba ta da murfi, wadda ya ce Linuks ce a kanta, ita ba ta da ƙyamar kowa. Faifan ya ɗauki gurnani a hankali. Sai kuma ya yi wani ɗan ƙas, ya yi shiru, ya sake yin ƙas. Injiniya ya sunkuya ya kara kunne.

"Wannan ƙarar fa?" in ji Yaya. "In mota ce zan ce giya ce."

"Allurarsa ce ke tuntuɓe. Ya daɗe a kwance. Zai iya ba mu dama ɗaya, zai iya hana mu. Kada wanda ya jingina da bencin nan." Ya kalli Yaya. "Har da kai, direba."

Yaya ya ja da baya ya harɗe hannu.

Folda ta bayyana, sannan wata a cikinta. Sunayen duk rubutun Dogo ne, wanda bai taɓa sa wa abu sunan da wani zai gane ba: sabo, sabo na gaske, na ƙarshe, na ƙarshe biyu, kar a goge. Kowane suna kuma ya fito sau biyu, ɗaya da ɗigo a gabansa.

"Ga ta can," in ji Auta, ta nuna wani mai suna ƙofa. "Ta sama."

"Ta saman fatalwa ce. Kin ga ɗigon? Suna ne kawai, ba sauti a ciki. Mak ce ke barin su duk inda ta taka. Mutane da yawa su suke kwashewa su bar na gasken, sai sun isa gida su zo suna zagina."

Ya kwafi na ƙasan zuwa kwamfutarsa, ya sa a filashi, ya soka a ta kusa da ita, mai Windo, don a gwada irin abin da za a tarar a ofis. Ta yi tunani, ta fito da saƙo cewa ba ta san irin wannan fayil ba.

"Zan iya juya shi ya koma irin wanda take ci," in ji Injiniya.

"In ka juya, ranar da aka ɗauka za ta nan?"

"Ranar yau za ta hau kansa. Sabon haihuwa ne."

"To ba shi da amfani. Na asali suke so."

Injiniya ya cire tabarau ya murza ido. Ya gwada na gaba, ta ƙi. Ya gwada wani, ta buɗe shi amma sai wani shuuu ya fito daga lasifika kamar ana soya abu, har mai shagon maƙwabta ya leƙo. A tsakani faifan yana ta ƙas, ƙas, tazarar tana raguwa. Wayar Auta ta yi ƙara. Sakatare ne, yana tambaya ko a gaya wa Shugaba ba ta da shaida. Ta ce a gaya masa tana hanya.

"Waɗannan duk manhajar situdiyo ce ta haife su, ita kaɗai ke jin yarensu," in ji Injiniya. "Ba ku taɓa ɗaukar wani abu da wata na'ura daban ba?"

Auta ta rufe ido. Ranar farko ba a kunna babbar manhajar ba. Dogo yana da al'ada: duk wanda ya zo da sabuwar waƙa, sai ya tura shi ɗakin murya, ya kunna wata ƙaramar na'ura ya bar ta tana ɗauka tun daga sallama har tafiya, wai kada wani abu mai kyau ya faɗi ƙasa ba a tsince shi ba. Shara yake kiran abin.

"Nemi shara," ta ce.

Akwai foldar, can ƙasa. Fayil guda ne a ciki mai nauyi, ranar da ke jikinsa ta girmi duk sauran. Injiniya ya fara kwafa. Wani koren layi ya kama tafiya a fuskar kwamfutar, ya kai rabi, ya tsaya. Faifan ya yi ƙas sau uku a jere. Yaya ya buɗe baki, Injiniya ya ɗaga masa yatsa ba tare da ya waiwaya ba. Layin ya motsa, ya ja jiki, ya cika. Jim kaɗan faifan ya yi wani dogon kuka siriri, fitilarsa ta mutu.

"Shi ke nan, ya sauke nauyinsa," in ji Injiniya. "Abin da muka samu shi ne abin da ke akwai."

Ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa. Zane ya fito kamar duwatsu a jere, hawa uku, ɗaya a kan ɗaya.

"Layi uku ne a ciki. Na sama piyano. Na biyu makirufon ɗakin murya, ke ke nan. Na uku wani makirufo ne daban."

"Na tebur ne. Wanda yake min magana da shi a kunne in ina ciki."

Ya miƙa mata hedifon, abin sauraro na kunne. Ta sa.

Ƙarar ƙofa ta fara ji, da jan kujera. Sai muryarta, siririya fiye da ta yanzu, tana neman afuwar makara. Ta rera baiti na farko ba kiɗa, ta rera na biyu, piyano ya shigo yana lalubenta. Ga shi nan, kowace kalma tata, tun kafin kowa ya sa hannu. Sai muryar Dogo ta shigo, kusa, kamar yana bayan kunnenta.

"Baitocin nan naki sun yi, Auta. Wallahi ban da abin da zan ƙara musu. Amma ba amshi. Waƙa ba amshi ai gida ne ba ƙofa."

Auta ta kusa yin dariya. Ta ɗaga wa Yaya babban yatsa, shi kuma ya daki kafaɗar Injiniya, ya tuna da benci, ya janye hannu.

A cikin hedifon waya ta yi ƙara. Ta ji kanta tana ɗauka. "Na'am, Mama. A'a, ban gama ba. Ki bar min ƙofa a buɗe, ko na yi dare zan dawo."

"Tsaya," in ji muryar Dogo. "Me kika ce mata yanzu?"

Ta maimaita, tana dariya.

Sai Dogo ya rera shi. Da muryarsa mai kaushi, wadda ba ta kai sama, ya ɗauki maganar ya ɗora ta a kan karin da duk garin ya haddace yau, har da ɗan lanƙwasan nan na ƙarshe da ake cewa ba mai yin sa sai Auta. Ya rera layi ɗaya ya tsaya, ta bi shi. Ta kuskure, ya sake, ta sake bi. Ya ƙara layi na biyu da na uku daga kansa. Haka suka yi ta yi har amshin ya tsaya da ƙafarsa.

Babu bas a ciki.

Ta ci gaba da sauraro har bayan an gama, tana jiran wurin da za ta ji kanta ta ce ai da wannan karin ta zo. Abin da ta ji shi ne jan kujera da sallama. Ta cire hedifon ta riƙe shi a cinya. Ta nemi kujerar bas ɗin a ranta, ta same ta daram, da tagar da ba ta rufuwa, da matar da ke riƙe da buhu a gefenta. Sai dai yanzu ba ta san ko hanyar zuwa ce ko ta komawa ba.

"Yaya dai?" in ji Yaya. "Mun kama shi?"

"Akwai komai a ciki."

Injiniya bai tambaye ta ba. Ya riga ya sa filashi biyu, ja da shuɗi. A kan ja ya haɗe layukan uku suka zama ɗaya, irin fayil ɗin da ko rediyon mota zai karɓa. A kan shuɗi ya sa na asali yadda yake, da ranarsa. Ya soka shuɗin a kwamfuta mai Windo.

"In wannan ma ta ƙi, sai dai ku ɗauke ni da bencina ku kai ofishin."

Ba ta ƙi ba. Muryar Auta ta cika shagon, baiti na farko, na biyu, piyano. Inda Dogo ya yi magana, shiru. Waya ta yi ƙara, ta yi magana da Mama, ta maimaita tana dariya. Shiru. Sai ga ta tana rera amshin ita kaɗai, kamar daga sama ya faɗo mata.

Yaya ya yi tafi. "Allahu akbar! Kun ji ko? A gaban kunnenmu ta haife shi!"

Injiniya ya dubi zanen da ke kwamfutarsa, ya dubi lasifika, sannan ya dubi Auta ta saman tabarau.

"Wannan layi biyu kawai ta iya, dama da hagu. Na ukun yana ciki, ba ta san da shi ba ne. Akwai 'yar manhaja da za a sa wa ta ofishinku ta fito da shi. In ba ki a filashin?"

"Ba sa yarda a sa musu komai a kwamfuta," in ji Auta. Gaskiya ce kuwa.

"To." Ya zare shuɗin ya miƙa mata, ya miƙa mata jan. "Ni dai hedifon ba a kunnena yake ba."

A mota Yaya ya miƙo hannu. "Kawo jan nan mu sa, in ji yadda ƙarya ke mutuwa."

"Ka kula da hanya."

"Haba Auta, ni fa na yi ta kai ki situdiyon nan kyauta. Ko amshin ma a motata kika yi ta gwada shi kina hana fasinja sakat."

"Da zuwa ko da dawowa?"

"Me?"

"Ba komai. Yi sauri."

Ta sa shuɗin a tafin hannu, jan kuma ta tura shi can cikin aljihun jaka ta ja zif. Na asali suka ce. Wanda ba a taɓa ba. A kwamfutarsu. Ba ita ta kafa ƙa'idar ba, kuma ba abin da ta cire. Ta maimaita wa kanta wannan tun daga gada har ƙofar ƙungiya.

Ɗakin zaman ƙarami ne, da dogon tebur da fanka mai rangaji. Shugaba yana tsakiya, tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana busa ƙaho a ƙungiyoyin kiɗa na otal-otal, kunnensa na hagu ya tafi, don haka da gefe yake fuskantar mai magana. Mutum biyu na kwamiti suna zaune a damansa. Dogo yana can ƙarshen tebur, gwiwoyinsa sun tokare katako. Ya rame. Bai ɗago ba da ta shigo.

"'Yata, kin sa tsofaffi jira," in ji Shugaba.

"A yi haƙuri, Baba. Faifan ne ya ba da wahala."

"An samu?"

Ta miƙa wa Sakatare shuɗin. Ya soka, ya duba, ya karanta ranar da ƙarfi. Ranar ta riga fitar waƙar da watanni. Ya tabbatar wa kwamiti ba a taɓa fayil ɗin ba. Dogo ya ɗago kai a karon farko.

"Shara ce?" ya tambaya. Ita yake kallo.

"Ita ce, Maigida."

Sunan ya fito mata ne ba shiri. Rabon da ta kira shi haka tun kafin rigimar.

Sakatare ya danna. Baiti na farko ya fito, na biyu ya biyo. 'Yan kwamitin suka kalli juna, ɗaya ya rubuta wani abu. Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. Wayar ta yi ƙara a cikin lasifika, aka ji ta da Mama, wani ya yi murmushi. Shiru. Amshi.

"To, ai magana ta ƙare," in ji na kusa da Shugaba.

Shugaba ya juya kunnensa mai kyau wajen lasifika, yatsansa yana bugun tebur a hankali.

"Mai da shi baya kaɗan. Daga inda ta ajiye waya."

Sakatare ya mayar. Yatsan tsohon ya ci gaba da bugu a cikin shirun, bai tsaya ba, har muryar Auta ta shigo daidai kan bugun.

"Sake."

Aka sake.

"'Yata, me kike jira a nan?"

"Tunani nake, Baba."

"Tunani." Ya gyaɗa kai. "Na yi shekaru ina tsaye a bayan mawaƙa. Mai tunani yakan yi shiru yadda ya samu, wani dogo, wani gajere. Naki shirun duk tsawonsu ɗaya, kuma tsawon layin waƙar ne cif. Ban taɓa ganin tunani mai bin kiɗa haka ba. Sake mana, Sakatare."

Auta ta ji jakar a cinyarta ta yi nauyi. Fanka tana juyawa. Muryarta ta da can ta ce, ko na yi dare zan dawo, ta yi dariya. Shirun ya buɗe.

Dogo ya shiga cikinsa.

Bai ɗaga murya ba, bai ma ɗago kai ba. Daga ƙarshen tebur ya rera layin da muryar nan mai kaushi, ya lanƙwasa ƙarshensa, ya tsaya. A daidai inda ya tsaya, yarinyar da ke cikin lasifika ta ɗauka. Ta kuskure. Dogo ya sake mata, a hankali, yadda ake yi wa mai koyo, ita kuma ta gyara. Layi na biyu ma haka. Ba inda ya taka muryarta, ba inda ya bar rami. Sakatare ya manta hannunsa a sama da maus.

Amshin ya ƙare. Ta taga ana jin hon ɗin Yaya, gajere sau biyu, alamar tambaya ko an gama.

"Ranka ya daɗe, kun ji da kunnenku," in ji Dogo. Muryarsa ta dawo ta mai kawo ƙara. "Haka na ba ta waƙar nan tun daga farko har ƙarshe. Baitocin ma a gida na koya mata su kafin ranar. Makirufona ne bai ɗauka ba."

"Ya ɗauka," in ji Auta.

Ta ja zif. Ta laluba ƙasan aljihun, ta fito da jan filashin, ta ajiye shi a tsakiyar tebur.

"Layi uku ne a fayil ɗin, Baba. Kwamfutarku biyu take ji. Wannan ba na asali ba ne, yau aka haɗa shi, amma duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ranar yana ciki. Tun daga abin da aka ce bayan baiti na biyu."

Dogo ya kalli filashin. Ta ga lokacin da abin ya dawo masa: bakinsa ya ɗan buɗe, idonsa ya tafi gefe, kamar mai jin muryarsa daga wani ɗaki.

"Ƙa'ida ta ce na asali kawai," ya ce.

"Haka ne," in ji Sakatare da sauri. "Ƙa'ida ta ce..."

"Ni na rubuta ta," in ji Shugaba.

Ya juya ya dubi Auta, wadda ke kallon tebur. Ya juya ya dubi Dogo, wanda ke kallon fanka. Ya ɗan jima a haka, yana jiran ko ɗayansu zai ce a sa. Babu wanda ya ce.

Da yatsan da yake bugun kiɗa ya tura filashin gaban Sakatare.

Sakatare ya zare shuɗin, ya soka jan. Wannan karon kwamfutar ba ta tambayi kowa komai ba.